Duwatsun Yaya Sahabi Sun Koma Murhu

Shekara goma sha ɗaya ke nan, a wannan watan, da rasuwar yayana Sahabi. Kowace shekara idan lokacin ya zagayo nakan tuna shi cikin kwanciyar hankali, in yi masa addu'a, in yi dariyar wasu halayensa ni kaɗai. Bana abin ya ƙi. Da tsoro a cikina na zauna rubutun nan, kuma gara in faɗi abin da nake tsoro tun daga farko: katangar dutsen da ya gina a bakin ruwan garinmu ta fara cinyewa, 'yata Nafisa kuwa kowace ranar kasuwa a bayan katangar nan jirginta yake fakewa.

Garinmu yana bakin Kwara ne, a ƙasar Bagudo, ba nisa da iyakar Benin. Inda jirage suke tsayawa, wanda muke ce wa tasha, yana fuskantar gabas, kuma ta nan ne kogin ya fi faɗi. Idan hadarin ƙarshen damina ya taso, lokacin da ruwa ya cika ya batse, iska takan samu fili mai tsawo ta yi ta tura ruwa, kafin igiyar ta iso tasha ta kai ƙirjin babban mutum. Muna yara mun saba da ganin jirage suna karo da juna a ɗaure, gari ya waye a tarar da katakai suna yawo. Ba wanda ya ɗauki abin a matsayin wata matsala da ake gyarawa. Halin gulbi ne, haka muka taso muka iske shi.

Sai shekarar da ruwa ya ci Inna Ladi, ƙanwar mahaifiyarmu. Daga gonar shinkafa suke dawowa da la'asar, mata cike da jirgi, sun riga sun ƙetare duk inda ake tsoro, har an miƙa igiyar ɗauri. Igiyar ruwa ta buga su ta gefe, jirgin ya kife a wurin da ake jin muryar juna da mutanen tudu. An tsamo wasu da rai, ita ba ta cikinsu. Yaya Sahabi yana tsaye a gaɓa ranar. A lokacin aikinsa gina kwalbatoci ne da ƙananan gadoji, abin da ya karanto ke nan a Birnin Kebbi. Bai yi kuka a gaban mutane ba, amma daga ranar ya zama wani mutum daban. Da hadari ya haɗo, kowa na gudu gida, shi kuma zai nufi tasha ya tsaya ruwa na dukansa yana kallon ta inda igiya ke shigowa. Ya dami Sarkawan garin, masunta, da tambaya har suka fara kauce masa.

Na san cikin katangar nan ne saboda wata gardama ta gidanmu. Na zo gida wankan jegon Nafisa, sai na tarar ya haƙa dogon rami a tsakar gida ya shafe shi da siminti ya cika da ruwa. A ƙarshe ɗaya ya jera sakaina, su ne jirage. A ɗaya ƙarshen akwai faffaɗan katako da ake turawa ya tayar da igiya. Ya rasa mai tura masa katakon, don duk yaran gida sun gaji sun gudu, sai ya lallaɓo wajena.

Mahaifiyarmu ta leƙo ta gan ni tsugune, hannu cikin ruwan sanyi. Ta ce, "Kai Sahabi, ba ka jin kunya? Mai jego zaka sa wasan ruwa? In ta kumbura kai ka jinya."

Ya ce, "Inna, sau goma kawai za ta tura."

Na tura ya fi sau ɗari, kuma ba rana ɗaya ba. Da farko ya tare ruwan da bulo mai santsi. Igiya ta buga ta dawo baya, ta haɗu da mai zuwa, suka taru suka yi tsalle, sakainar da ke bakin shiga ta kife nan take. Ya cire bulon ya tara manyan duwatsu birjik, ba siminti. Igiya ta shiga ramukan da ke tsakaninsu ta mutu a ciki, sakaina ko motsi. Na ce to an gama, a bar ni in je in ba 'yata nono. Ya ce in ƙara turawa. Muna nan sai ga manyan duwatsun suna nutsewa a hankali, don ruwan da ke shiga yana fita ya dinga zuƙe yashin da ke ƙarƙashinsu. A nan ya gano cewa sai an yi katangar hawa uku: tsakuwa a can ciki, a lulluɓe ta da duwatsu masu girman kan mutum, sannan a ɗora manya a waje. Na tsakiyar su ne suke hana tsakuwa zubewa, kuma a kansu manyan suke zaune.

Ya ɗaga ɗaya daga cikin na tsakiyar ya nuna mini, ya ce, "Rabi, manyan ga kowa zai gani ya yaba. Amma wanga shi ka riƙon katanga. Ran da babu shi, na sama zama kawai sukai bisa iska."

Da rani, da ruwa ya ja, aka yi gayya. Garinmu laka ne da yashi, ko dutsen jifan akuya sai ka nema, don haka daga tudun wajen Kaoje aka dinga kwaso duwatsun da tifa, inda tifa ta maƙale a ƙarasa da amalanken shanu. Katangar ta fita daga gaɓa ta lanƙwasa kamar hannun mai rungume da yaro, bakinta yana kallon inda iska ba ta busowa. Daminar farko duk gari ya fito kallo. Hadari ya zo da ƙarfinsa, a waje ruwa yana hauka, a cikin tasha kuwa wata tsohuwa tana wanke kwanonta. Shekara goma ya yi yana ganin aikin hannunsa, kowane rani yana bin katangar yana cusa dutse inda ya ga rami, kafin ciwon hanta ya kwantar da shi. Allah ya jiƙansa. Tun da aka gina ta har yau ruwa bai ci kowa a tasharmu ba.

Abin da ya biyo baya ba mugunta ce ta kawo shi ba, shi ya sa ya fi ba ni tsoro. Na ce muku ba mu da dutse. Murhun matan garinmu da curin laka ake yin sa, ko a kife tsofaffin tukwane uku, kuma kowace shekara sai ya fashe an sake. Ranin da ya biyo bayan rasuwar Yaya, wata baiwar Allah za ta aurar da 'yarta, ta gangara tasha ta zaro duwatsu uku daga katanga ta sa a kayan amarya. Ta ce dutsen mutumin kirki ne, wanda ya tsare rayuka, tana nema wa 'yarta albarka. Allah da ikonsa auren ya yi kyau, miji ya samu, haihuwa ta zo lafiya. Shi ke nan magana ta bazu. Kafin a yi nisa ba a kai amarya a garinmu sai da duwatsun Injiniya, haka suke kiransu. Aka fara aikowa daga Zagga da Matsinkai. Matan Dendi na ƙetaren iyaka, in sun sayar da kayansu ranar kasuwa, sukan naɗe uku a zane su sa a ƙasan jirgi. Liman ya yi wa'azi a kai ya ce dutse ba ya ba da albarka, mata suka ce gaskiya ne, suka ci gaba. Shi kansa limamin, in za a bi ta gaskiya, ban san a kan me ake dafa tuwonsa ba.

Wane dutse ne ya dace da murhu? Manyan, maza huɗu ba sa ɗaga ɗaya. Tsakuwa kuwa ba ta ɗaukar tukunya. Mai girman kan mutum ake so, kuma da rani in ruwa ya ja, ana zura hannu tsakanin manyan a zaro shi cikin sauƙi.

Ina koyarwa a Bagudo duk shekarun nan, zuwana gida jefi-jefi ne, kuma da na ji labarin al'adar har wani daɗi na ji, na ce ashe ana tunawa da shi. Sai ranin da ya wuce, bayan na ajiye aiki na dawo gida, na bi katangar da ƙafa kamar yadda yake yi. Daga sama lafiya lau take. Na tsuguna a daidai gwiwar lanƙwasar, inda igiya ta fi bugu, na zura hannu cikin wani rami. Hannuna ya shige har kafaɗa ban taɓa komai ba. Na matsa gaba na sake, haka. Na leƙa, sai na ga tsakuwar ciki ta zubo ta bazu a kan yashi. Na zauna a kan dutsen nan har rana ta dake ni.

Na tafi wajen Sarkin Jirgi, shugaban masu jiragen tasha, dattijo ne da ya ɗauki dutse a kansa lokacin gayya. Ya saurare ni da ladabi, sannan ya ce, "Malama, katanga tana nan lahiya lau. Duba manyan ga, ko giwa ba ta gusa su. Ukku-ukku na aka ɗauka, mi ukku za ta rage?" Na ce ya tuna aure nawa aka ɗaura a garin nan da kewaye cikin shekara goma. Sai ya ce zai yi wa mata magana. Na san ba zai yi ba, jikarsa za a aurar bayan girbi.

Na tafi wajen Hajo, matar marigayin. Ni da ita wasa muke yi tun ranar da aka kawo ta gidanmu, ban taɓa shiga ɗakinta da fuska a ɗaure ba sai ranar. Yanzu mata har gaisuwa suke zuwa yi mata kafin su gangara tasha, ita ce kamar mai ba da izini. Na zayyana mata komai, har da ramin tsakar gida da ita kanta ta sha ɗebo wa ruwa.

Ta ce, "Malama, yanzu so kike in hana mutane son yayanki? Su taho suna hwaɗin sunanai da alheri, in kore su? Shekara goma sha ɗaya, ba ran da ba a ambace shi ba garin ga. Mi ar rage min in ba wannan ba?"

Ta fashe da kuka, ni ma na taya ta. Na fito ban samu abin da na je nema ba.

Ban zauna ba. Na roƙi wani tsohon ɗalibina mai tifa ya zubo mana duwatsu a gaɓa, na ce ga na murhu nan, kowa ta ɗiba. Suna nan har yau awaki na hawa. Mata suka ce waɗannan ai dutse ne kawai, hannun Injiniya bai taɓa su ba. Na nemi samari su cusa su cikin ramukan, suka gwada, ashe zarowa ce mai sauƙi: manyan sun riga sun zauna sun matse bakin, sai an ɗaga su da inji kafin a gyara ƙarƙashi. Na bi gida-gida ina roƙon a dawo da na dā. Wata maƙwabciyata ta ji kunyata ta ba ni nata, baƙi ƙirin da hayaƙi. Na kai bakin ruwa na ajiye, kafin in juya ɗaya ya rabe gida biyu. Wuta ta gama cinye ƙarfinsa. Ko duk garin nan za a tattaro murhunsa, abin da ya fita daga katangar nan ba zai koma ba.

Nakan tambayi kaina me Yaya zai ce da zai leƙo ya gani. Na san shi, ba zai zagi kowa ba. Da farko dariya zai yi har ya riƙe ciki, ya ce ashe shi waliyyi ne bai sani ba, shi da ko tuwo bai iya kwashewa. Daga nan zai ɗauki laifin ya ɗora wa kansa. Ni ma, Allah ya gafarta mini, wani lokaci haushinsa nake ji. Yaya, ka auna iska, ka auna zurfin ruwa, ka auna nauyin kowane dutse, amma ka kawo dutsen murhu tifa-tifa cikin garin da mata ke girki a kan laka, ba ka taɓa tunanin za su so shi ba? Da ka shiga madafi ko sau ɗaya da ka sani. Sai in tuna cewa yana raye ba wadda ta taɓa ko ɗaya, kunyarsa ake ji. Mutuwarsa ce ta mayar da su abin tsarki, kuma wannan ba ya cikin abin da ake gwadawa a ramin tsakar gida.

Nafisa tana aure a wani ƙauye can sama da mu, ƙetaren iyaka. Shinkafa take turarawa ta kawo kasuwarmu, goye da ɗanta, kuma ba wata hanya daga can sai ruwa. Ranar kasuwar da ta wuce hadari ya haɗo da hantsi, ba ma babba ba. Ina tsaye a gaɓa na hango jirginsu ya karyo kwana, injin na kuka, mata sun duƙa sun rufe kaya da leda. Igiya ta fara dukan katanga, sai na ji wani sauti da ban taɓa ji ba a wurin nan, ƙwal, ƙwal, kamar ana gwara tukwane. Manyan duwatsun ne suke motsi suna bugun juna. Ina kallo ɗaya daga cikin na gwiwar ya sunkuya ya zame ciki, igiyar da ta biyo ta haura ta wurin ta faɗo cikin tasha. Jirgin su Nafisa yana daidai bakin shiga. Ya karkata har na ga cikinsa, na ga buhu ɗaya ya faɗa ruwa, na ji ihun mata. Ban san lokacin da na shiga ruwa har gwiwa ina kiran sunanta ba. Matuƙin ya yi ta maza ya miƙe shi, suka shigo.

Mutanen gaɓa suka yi ta hamdala, wani yana cewa ai katangar Injiniya ba ta ba da kunya. Ni kuwa ina tsaye cikin ruwan, na kasa karɓar jikana da Nafisa ta miƙo mini. A ɗaki, tana shanya zanenta, na gaya mata duk abin da na gaya muku. Ta daina abin da take yi, ta sunkuyar da kai.

Ta ce, "Mama, ai ni ma da su nike girki."

Na ce, "Da me?"

Ta ce, "Duwatsun Kawu. Inna Hajo ta sa min cikin kaya ran da anka kai ni. Ta ce daga gwiwar katanga ta sa anka zaro, inda ya hi daɗewa yana aiki, don albarkar ta hi yawa nan."

Matar da ta goye ta tana jaririya ce ta zaɓo mata mafi kyau, don tana sonta.

In an tambaye ni abin da ya rage na Sahabi bayan shekara goma sha ɗaya, zan ce sunansa ya yi nisan da shi bai taɓa kaiwa ba. Yana cikin madafin gidajen da bai taɓa takawa ba, ana ambatonsa da Hausa da Dendi, safe da yamma, duk lokacin da aka ɗora tukunya. Mutane da yawa sun mutu ba su samu rabin wannan ba. Amma shi ba suna ya nema ba. Abu ɗaya ya so, kada wata mace ta ƙara nutsewa tana kallon gida, kuma wannan abin ne yake zubewa a ƙarƙashin ruwa yanzu haka. Ina roƙon duk wanda ya karanta wannan, in yana da iko a kan inji mai ɗaga dutse, ko ya san wanda ya san aikin, ya taimaka ya zo ya duba. Sai dai na san ba a taɓa katangar sai ruwa ya ja, ruwa kuwa yanzu ya fara hawa, manyan hadarin suna gaba.

Da zan raka Nafisa jirgi da yamma, na yi abin da ban taɓa zaton uwa za ta yi ba. Na riƙe hannunta na roƙe ta kada ta ƙara zuwa gida sai damina ta wuce. Na ce shinkafar ta zauna, ni ma zan haƙura da ganin yaron. Ta yarda da maganar kasuwa. Amma ta tuna mini cewa ranar Juma'a mai zuwa Hajo za ta yi sadakar zagayowar ranar rasuwar Yaya Sahabi, kuma ita Nafisa ba za ta iya rashin zuwa ba. Ba ita kaɗai ba ce ma. Matan ƙauyensu duk wadda ke da duwatsunsa a murhu ta ce sai ta zo ta taya girki, har sun kama babban jirgi sun cika shi, da su da 'ya'yansu.

Na je na roƙi Hajo a ɗaga sadakar zuwa rani, ta ce an riga an gaya wa mutane, an jiƙa gero. Tun shekaranjiya gabas take haɗa baƙi da la'asar tana watsewa. Ranar Juma'a za su taso bayan hantsi, cike da jirgi, suna zuwa yi wa yayana addu'a, ni kuma zan kasance a gaɓa ina kallon gwiwar katangar nan, ba abin da ke hannuna.